Ƙwayoyin Hanji da Tsawon Rai: Amsa ga Mai Kula da Mahaifiyarta

Wata baiwar Allah ta aiko da tambaya a kan mahaifiyarta, wadda ta kusa shekara 80. Ta ce haƙoran tsohuwar sun zube saura 'yan kaɗan, abincinta ya koma shayi da burodi da safe, farar shinkafa ko taliya da rana, ga taurin bayan gida, ga ledar magunguna da ba ta rabuwa da ita. Ta ji ana tallar wani kafso da aka ce yana ɗauke da "ƙwayoyin tsawon rai", irin waɗanda ake samu a cikin mutanen da suka haura shekara 100. Tana son ta san ko da gaske ƙwayoyin hanji suna da hannu a tsufa, kuma ko ta saya wa mahaifiyar tata.

Hajiya, sannu da ɗawainiya. Allah Ya ƙara wa Inna lafiya, Ya ba ki ladan kula da ita. Bari in fara da abin da ya fi tsaya miki a rai: kada ki sayi kafson nan da niyyar ƙara mata shekaru. Babu wani gwaji da aka yi a kan mutane da ya nuna cewa haɗiyar bakteriya a kafso tana tsawaita rai. Amma wanda ya ce miki akwai alaƙa tsakanin ƙwayoyin hanji da tsufa bai yi ƙarya ba. Alaƙar tana nan, kuma da na karanta saƙonki, inda na gan ta shi ne a shayi da burodin nan, da haƙoran da suka zube, da ledar magani.

Mu Hausawa duk halittar da ido ba ya gani sai mu ce mata "ƙwayar cuta", kuma sunan yana karkatar mana da tunani. Yawancin bakteriyar da ke cikin hanjin mutum ba cuta suke kawowa ba, aiki suke yi masa. A shekarar 2016 masana a cibiyar Weizmann ta Isra'ila suka sake lissafi, suka ƙiyasta cewa jikin baligi yana ɗauke da bakteriya kimanin tiriliyan 38, alhali ƙwayoyin halittar jikinsa na kansa kimanin tiriliyan 30 ne. Nauyinsu gaba ɗaya bai wuce giram 200 ba, kuma kusan dukansu a babban hanji suke zaune, can ƙarshen hanya inda ragowar abinci ke taruwa kafin ya fita.

Abin da suke ci shi ne abin da mu ba mu iya narkarwa: harza, wato faiba, wadda ke cikin dusar hatsi, ɓawon wake, ganye da 'ya'yan itace. Ciki da ƙaramin hanji ba sa iya komai da ita, sai ta wuce ƙasa. A can bakteriya ke tsima ta, kamar yadda gasara ke tsami a roba idan ta kwana, su fitar da wasu sinadarai. Wanda ya fi muhimmanci a maganarmu shi ne butiret. Da shi bangon babban hanji yake rayuwa, domin daga gare shi ƙwayoyin halittar bangon suke samun mafi yawan ƙarfinsu. Idan bangon ya ƙoshi sai ya matse, ya fitar da yauƙin da ke shiga tsakaninsa da bayan gida, abin da ke cikin hanji ya tsaya a cikin hanji. Butiret kuma yana kwantar da garkuwar jiki, ya hana ta tayar da faɗa ba gaira ba dalili. Ki riƙe wannan, don a kansa sauran bayanin zai hau.

Tunanin cewa hanji yana da hannu a tsufa ya haura shekara ɗari. Wani masani ɗan Rasha, Elie Metchnikoff, wanda ya yi aiki a cibiyar Pasteur da ke Paris kuma ya samu kyautar Nobel a 1908 kan binciken garkuwar jiki, ya yi imani cewa bakteriyar babban hanji suna ruɓar da abinci su saki guba a jini, gubar kuma ita ke tsofar da mutum. Ya ji labarin yawan tsofaffi a ƙauyukan Bulgeriya inda ake shan nono mai tsami, sai ya ɗora tsawon ransu a kan nonon. Shi kansa ya riƙa sha kullum har ya rasu a 1916 yana da shekara 71. Ya hango wani abu na gaskiya, amma maganar guba ta yi ɓarna. A Landan har wani babban likitan fiɗa, Arbuthnot Lane, ya riƙa yanke wa mutane babban hanji da sunan raba su da gubar. Na kawo wannan ne don har yau ina jin irinsa a wajenmu, inda ake dirka wa tsoho maganin wankin ciki wai a fitar masa da datti. Abin da ake kira dattin, da yawansa masu yi masa hidima ne.

Idan shekaru suka ja, abubuwa da dama sukan taru a kan hanji lokaci guda. Haƙori ya tafi, tauna ta gagara, sai a guje wa duk abin da ke da ƙarfi. Ɗanɗano da jin ƙamshi su ragu, sha'awar abinci ta yi ƙasa. Motsin hanji ya yi sanyi, mutum ya rage tafiya, ya rage shan ruwa don gudun yawan fitsari. Magunguna su ƙaru. A irin wannan hali bakteriya masu yin butiret sukan ja baya, wasu kuma da a da suke 'yan tsiraru, dangin masu iya jawo cuta idan sun samu sarari, su yaɗu.

Binciken da ya fi kama da halin Inna an yi shi ne a birnin Cork na ƙasar Ayalan, aka wallafa a 2012. An duba tsofaffi 178. Wasu suna zaune a gidajensu suna cin abin da suka saba, wasu kuma sun daɗe a gidajen kula da tsofaffi, inda abincin yake da laushi, iri ɗaya kullum, harza kaɗan. Na gidajen kulawar nau'o'in bakteriyarsu sun fi ƙaranci ƙwarai, kuma gwargwadon yadda nau'o'in suka ragu, gwargwadon yadda aka same su da rauni, da ramar tsoka, da alamun kumburi a jini. Abin da ya fi tsaya mini a wannan aiki shi ne jerin yadda abin ke faruwa. Idan aka kai tsoho gidan kulawa, abincinsa ne ke fara canzawa, cikin ɗan lokaci. Ƙwayoyin hanjin sai su biyo baya a hankali, cikin watanni har zuwa shekara. Mu ba mu cika kai iyayenmu irin waɗannan gidaje ba, alhamdu lillahi, amma tsohuwar da ta koma shayi da burodi a ɗakinta, hanjinta bai san bambanci ba.

Yaya wannan ke zama rauni a jiki? Wani masani a Jami'ar Bologna ta Italiya, Claudio Franceschi, ya yi bayani a shekarar 2000 cewa tsufa yana tafiya da wani ɓoyayyen kumburi, mara zafi, mara zazzaɓi, wanda ba ya mutuwa, kamar garwashi a ƙarƙashin toka. Wannan kumburi yana da hannu a ciwon zuciya, ciwon suga, zaizayewar tsoka da ƙashi, har da mantuwa. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke hura shi shi ne bangon hanji da ya saki, yana barin ɓurɓushin bakteriya suna tsallakawa jini, garkuwar jiki kuma kullum tana cikin shirin yaƙi. A Jami'ar McMaster ta Kanada, a 2017, an gwada wannan a ɓeraye. Ɓerayen da aka raina a keɓe, babu ƙwayar bakteriya ko ɗaya a jikinsu, sun tsufa ba tare da kumburin ya tashi ba. Da aka haɗa irinsu keji ɗaya da tsofaffin ɓeraye na yau da kullum, suka ɗebi ƙwayoyinsu, sai kumburin ya bayyana. Har ila yau, da aka ba tsofaffin ɓeraye maganin da ke danne kumburin, sai ƙwayoyin hanjinsu suka gyaru. Ke nan abin yana tafiya ta fuska biyu: lalacewar ƙwayoyi tana kawo kumburi, kumburi yana ƙara lalata ƙwayoyi. Masu talla fuska ɗaya kawai suke faɗa miki.

Gwajin da ya fi ba mutane mamaki da wani ɗan kifi aka yi shi, wanda ke rayuwa a kududdufan damina na Zimbabuwe da Mozambik. Saboda kududdufin yakan ƙafe da rani, kifin yana girma ya tsufa ya mutu cikin 'yan watanni, shi ya sa masu binciken tsufa suke son sa. A cibiyar Max Planck da ke Cologne a Jamus, Dario Valenzano da abokan aikinsa suka ɗauki kifaye masu matsakaicin shekaru, 'yan mako tara da rabi, suka share musu hanji da maganin kashe bakteriya, sannan suka zuba musu abin cikin hanjin matasan kifaye 'yan mako shida a ruwa. Kifayen suka tsattsaga, ƙwayoyin matasa suka kama a cikinsu. Sakamakon da aka wallafa a 2017 ya nuna sun fi sauran daɗewa da kusan kashi 40 cikin 100, kuma suna iyo da kuzari a lokacin da tsararrakinsu suka yi laushi. A Sifaniya ma, a 2019, an tsawaita ran ɓeraye masu cutar tsufa da wuri ta hanyar ba su ƙwayoyin hanjin lafiyayyu. Waɗannan gwaje-gwaje sun tabbatar cewa ƙwayoyin hanji suna iya taɓa tsawon rai kai tsaye a dabba. Amma kifi ne mai rayuwar watanni a cikin gilashi, abincinsa ɗaya, ruwansa ɗaya. Inna ta kusa shekara 80 tana ci tana sha, ta haihu, ta yi zazzaɓi ba adadi, ta sha magunguna iri-iri.

A mutane, abin da aka fi yi shi ne duba waɗanda suka yi nisan kwana a ga me ke cikinsu. A Italiya, a 2016, Elena Biagi da abokan aikinta sun duba masu shekara 105 zuwa 109, suka samu wasu nau'o'i sun yi yawa a cikinsu, irin su Akkermansia da Bifidobacterium. Daga nan ne masu kafso suka samo sunayen da suke bugawa a kwali. A Japan kuma, a 2021, tawagar Kenya Honda ta Jami'ar Keio ta duba mutum 160 da matsakaicin shekarunsu ya kai 107. Sun gano cewa wasu bakteriya a hanjinsu suna sarrafa ruwan maɗaciya, su mayar da shi wani sinadari da ke kashe muggan ƙwayoyi, ciki har da Clostridioides difficile, wadda ke jawo wa tsofaffi gudawa mai kisa bayan shan maganin kashe bakteriya. Wannan aiki yana burge ni, domin ya nuna wata hanya a fili: mai yiwuwa cikin abin da ya kai waɗannan mutane ga wannan shekaru akwai kariyar da hanjinsu ya ba su daga cututtukan da suka ɗauke tsararrakinsu.

Sai kuma Maria Branyas Morera ta yankin Kataloniya a Sifaniya, wadda ta rasu a Agustan 2024 tana da shekara 117, ita ce mafi tsufa a duniya a lokacin. An duba ta tana raye, aka samu Bifidobacterium da yawa a hanjinta kamar na ƙuruciya, kuma takan sha yogot sau uku a rana. Labarin ya zagaya duniya. To amma mace ɗaya ce, kuma masu binciken sun same ta da gadon halitta mai kyau ƙwarai. Matsalar duk irin wannan bincike ita ce ana duba wanda ya riga ya kai ne. Ba ya iya raba miki ko ƙwayoyin ne suka kai shi, ko lafiyar da ta kai shi ce ta riƙe ƙwayoyin.

Akwai wani bincike da nake ganin shi ya fi rusa maganar kafso. An yi shi a birnin Seattle na Amurka, aka wallafa a 2021, a kan mutum fiye da 9,000 daga shekara 18 zuwa 101. An gano cewa daga tsakiyar rayuwa, ƙwayoyin hanjin masu lafiya suna ƙara bambanta da na sauran mutane, kowa yana kama tasa hanya. Nau'in Bacteroides, wanda ya cika hanjin yawancin matasan can, yana raguwa a tsofaffi masu lafiya. A cikin maza da suka haura 85, waɗanda hanjinsu ya tsaya cak da siffar da aka saba, Bacteroides ya ci gaba da rinjaye, su suka fi mutuwa cikin shekara huɗu da suka biyo baya. Ma'ana, lafiyayyen tsoho ba hanjin saurayi gare shi ba, kuma bai yi kama da lafiyayyen tsohon da ke maƙwabtaka da shi ba. Idan haka ne, wane jeri ɗaya za a ɗura a kafso a ce shi ne na kowa? Ƙari a kan haka, yawancin bakteriyar da ake haɗiya a kafso baƙi ne masu wucewa, idan aka daina sha sai su ɓace cikin kwanaki ko makonni. Ita kanta Akkermansia da ake yabo, an same ta da yawa a masu cutar karkarwa ta Parkinson. Kafson yana da inda likita kan rubuta shi, misali don rage gudawar da ke biyo bayan maganin kashe bakteriya. Wannan daban, tsawon rai daban.

Idan kuma kika ji ana maganar dashen bayan gida, wato ɗaukar ƙwayoyin lafiyayye a saka wa mara lafiya, magani ne na gaske amma ga gudawar Clostridioides difficile mai dawowa, a asibiti, bayan an tantance mai bayarwa. A 2019 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sanar da mutuwar wani majiyyaci da aka yi wa dashen da ke ɗauke da bakteriya mai bijire wa magani. Ba abin gwadawa ba ne don neman ƙuruciya.

Abin da aka gwada a kan tsofaffi na gaske kuma ya yi aiki shi ne abinci. A wani gwaji da aka wallafa a 2020, an bi mutum 612 masu shekara 65 zuwa 79 a Birtaniya, Faransa, Holan, Italiya da Folan, aka ɗora kusan rabinsu a kan ganye, wake, hatsin da ba a cire wa dusa ba, 'ya'yan itace, kifi da man zaitun har shekara guda. Gwargwadon yadda mutum ya riƙe abincin, gwargwadon yadda masu yin butiret suka ƙaru a hanjinsa, kuma ƙaruwar ta zo tare da raguwar rauni da alamun kumburi. Wani babban nazari na 2019 da ya tattara bincike 185 ya nuna masu cin harza da yawa sun fi masu cin kaɗan ƙarancin mutuwa da kashi 15 zuwa 30 cikin 100 a tsawon lokacin da aka bi su. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa baligi ya samu aƙalla giram 25 a rana. Kofi ɗaya na dafaffen wake yana ba da kimanin giram 10. Kofin farar shinkafa bai cika giram ɗaya ba.

Ba sai kin nemo man zaitun ba. A 2010 masana daga Italiya sun kwatanta yaran ƙauyen Boulpon a Burkina Faso da yaran birnin Florence. Abincin yaran Boulpon gero ne da dawa da wake da ganye, wato abin da ke rumbunanmu. An samu hanjinsu ya fi yawan nau'o'i, cike da masu narkar da harza irin su Prevotella, kuma sinadaran da ke ciyar da bangon hanji sun fi yawa nesa ba kusa ba. A 2015 kuma aka yi musayar abinci na mako biyu tsakanin baƙaƙen fata 20 na birnin Pittsburgh a Amurka da mutum 20 na karkarar Afirka ta Kudu. Cikin kwana 14 butiret ya ninka fiye da sau biyu a Amurkawan da suka koma abincin karkara, alamun haɗarin kansar hanji suka sauka, na mutanen karkarar da suka koma abincin Amurka kuma suka tashi. Za ki iya cewa, to in abincin ƙauye ya kai haka, me ya sa ake ƙiyasta tsawon rai a Nijeriya a wajen shekara 54 zuwa 55? Wannan adadi mace-macen ƙananan yara ne ke jan sa ƙasa, da zazzaɓin cizon sauro, da gurɓataccen ruwa, da haihuwa ba kulawa. Hanji mai kyau ba ya maye gurbin rigakafi da ruwa mai tsabta. Amma wanda ya tsallake waɗannan ya kai shekarun Inna, abincin nan dukiya ne a hannunsa.

Na taɓa duba wani dattijo manomi da 'ya'yansa suka ɗauko daga ƙauye suka dawo da shi birni don su huta da shi. Ƙauna ce tsantsa. Suka raba shi da tuwon dawa wai ya yi masa nauyi, suka koma ba shi shayi mai kauri, burodi, taliyar leda, lemon kwalba. Ba gona, ba tafiya masallaci mai nisa, sai kujera da talabijin. Bayan 'yan watanni yana kwana huɗu bai zaga ba, ciki ya kumbura, sai a je kemis a karɓo filajil, in ya ƙi a ƙara da maganin wankin ciki. Da aka kawo shi, ɗansa ya juye ledar magani a kan teburina, na ƙirga kala tara, uku daga ciki na kashe bakteriya ne da babu wanda ya rubuta masa. Na tambayi dattijon me yake marmari. Ya yi shiru, ya dubi ɗan nasa, sannan ya ce a hankali, "Fura, likita. Da ɗan wake." Bayan gwaje-gwaje sun nuna ba wata cuta a ɓoye, muka rage magungunan, aka dawo masa da abincinsa. Da ya dawo bayan wata ɗaya da ƙafarsa ya shigo, yana zagawa kusan kullum. Ban auna bakteriyarsa ba, kuma tafiya da ruwa da rage magani duk sun taimaka. Amma idon da ya yi wa ɗansa kafin ya ce fura, har yau ina tuna shi.

Don haka ga Inna, ki fara da baki. Ki kai ta wajen likitan haƙori a duba ragowar, a cire mai ciwo, a ga ko za ta iya riƙe haƙoran roba. Kafin nan, rashin haƙori ba ya hana cin harza. Wake yana dahuwa luguf a dama shi, ko a yi alale ba tare da an surfe ɓawon duka ba. Faten wake, faten acca, faten tsaki da rama ko alayyafo da aka yanka ƙanana. Tuwon dawa ko na gero mai laushi, a gaya wa mai surfe kada ta kwashe dusar tas. Miyar kuka, kuɓewa, zogale, karkashi. Kunun gero da ba a tace shi ƙal ba. Gwanda, ayaba, dafaffen dankalin Hausa, kabewa. Ki riƙa sauyawa, domin kowane nau'in bakteriya da irin harzar da yake so, kuma yawan kala ya fi yawan loma. Ki shigo da su kaɗan-kaɗan cikin mako biyu zuwa uku, in ba haka ba iska za ta dame ta ta ƙi ci gaba ɗaya. Ruwa dole ne ya ƙaru tare da harza, in ba haka ba taurin bayan gidan ƙaruwa zai yi. Kada kuma a manta da ƙwai, kifi da nama mai laushi, don tsokar tsoho tana bukatarsu. Idan tana da ciwon ƙoda, sai likitanta ya faɗi adadin wake da ganyen da za ta ci.

Kindirmo kuwa, ki ba ta. A Jami'ar Stanford, a 2021, an ɗora mutane a kan abinci mai tsami irin su yogot na mako 10, nau'o'in bakteriyarsu suka ƙaru, sinadaran kumburi 19 suka ragu a jini. Gwajin ƙarami ne, mutum 36 ne duka, amma ya dace da abin da aka sani. Sharaɗi shi ne a tabbatar an tafasa madarar kafin a ɗaura, saboda ɗanyar madara tana iya ɗauke da tarin fuka na shanu da cutar bakkale, kuma jikin tsoho ba ya jure abin da na matashi zai jure. A kula da ruwan da ake dama fura da shi, a rage sukari, musamman in tana da ciwon suga. Koko da daddawa su ma ta hanyar tsimawa ake yin su kuma suna da amfaninsu, sai dai wuta tana kashe yawancin masu rai a cikinsu.

Ledar maganin nan ki ɗauke ta gaba ɗaya, har da na gargajiya, ki kai wa likita ɗaya ya duba. Kada ki tsayar da ko ɗaya da kanki. A wani gwaji a Denmark a 2018, an ba lafiyayyun samari 12 magungunan kashe bakteriya masu ƙarfi na kwana huɗu kacal. Hanjinsu ya farfaɗo cikin kusan wata ɗaya da rabi, amma bayan wata shida akwai nau'o'i tara da ba su dawo ba a yawancinsu. Samari ke nan. Idan Inna ta kamu da ciwon huhu ko na mafitsara, maganin kashe bakteriya ceton rai ne, ta sha ta cika yadda aka rubuta. Wanda nake roƙon ki hana shi ne na mura, da na "ciki ya ɗan juya", da wanda maƙwabciya ta ce ya yi mata aiki. Magungunan rage tsamin ciki irin su omeprazole su ma suna sauya ƙwayoyin hanji, suna ƙara haɗarin gudawar da na ambata, kuma tsofaffi da yawa suna shan su shekara da shekaru bayan dalilin ya wuce. Wasu magungunan hawan jini, da na ƙarin jini, da na ciwon jiki masu ƙarfi, su kansu suna busar da bayan gida, kuma sau da yawa akwai madadinsu.

Ki samu mai kama hannunta ta zaga tsakar gida safe da yamma, ko minti goma ne. Ku riƙa cin abinci tare da ita, don tsoho ya fi ci idan akwai hannu a kwano ban da nasa.

Abu na ƙarshe, kuma kada ki jinkirta shi. Idan taurin bayan gidan sabo ne, ko kin ga jini ko bayan gida baƙi ƙirin, ko tana ramewa ba dalili, ko ta yi fari alamar ƙarancin jini, ko gudawa ta kama ta bayan shan maganin kashe bakteriya ta wuce kwana biyu, wannan ba na fura da wake ba ne. Ki kai ta asibiti a wannan makon, ki faɗa wa likita yaushe abin ya fara, ki kuma tafi da ledar.